Diyatomit: Tarihin Ƙasar da Jamus ta Sayar, Iska ke Kwasa Kyauta a Sahara

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin arzikin ƙasa a lakwal ya san jerin nan da muke sa yara su haddace: uraniyum a Arlit, gawayin dutse a Anu Araren, zinariya a Samira, man fetur a Agadem, gishiri a Bilma. Yaro ya zubo maka su tiryan-tiryan, ka ba shi maki, a tashi. Abin da ba mu cika koya masa ba shi ne yadda dutse ke zama haja. Me ya sa ƙasar da mutane suka yi shekaru dubbai suna takawa ba wanda ya kula da ita, rana ɗaya sai ka ga jiragen ruwa suna lodinta? Me ya sa kuma bayan wasu shekaru a rufe ramin, ma'aikata su watse, alhali ƙasar ba ta ƙare ba?

Ƴan uwa malamai da iyaye, ina son mu duba waɗannan tambayoyi ta hanyar tarihin wani ma'adini da ba ya cikin jerin namu, sunansa diyatomit. Na zaɓe shi saboda dalili biyu. Na farko, ba ya tattare da hayaniyar siyasa irin ta uraniyum da fetur, don haka mutum na iya ganin yadda cinikin ma'adini ke tafiya ba tare da ransa ya ɓaci ba. Na biyu, kowace shekara idan hunturu ya kama, ƙurarsa na cikin abin da ke sauka a kan allunanmu da kwanukan abincinmu, mu kuwa ko sunansa ba mu sani ba.

Mece ce diyatomit?

Idan ka ɗauki dunƙulenta a hannu za ka ce alli ne, ko farar ƙasar shafen ɗaki. Rashin nauyinta ne zai fara ba ka mamaki: busasshen dunƙule yakan yi iyo a kan ruwa kafin ya jiƙe ya nutse. Buhun da ke cin kilo 50 na siminti, idan aka cika shi da garinta da ƙyar ya kai kilo 10.

Asalinta halitta ce mai rai. A cikin tafkuna da tekuna akwai waɗansu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, masana na kiransu diyatom. Ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, da yawansu sai an jera gomiya kafin su cika milimita guda. Kowane ɗaya yana gina wa kansa ɓawo da silika, wato sinadarin da ke cikin rairayi, wanda ake yin gilashi da shi. Idan ya mutu sai jikin ya ruɓe, ɓawon ya sauka ƙasan ruwa. Shekara kan shekara, dubbai kan dubbai, ɓawon na taruwa. Ran da tafkin ya ƙafe ko teku ta ja baya, sai a iske shimfiɗa fara fat. Ita ce diyatomit.

Kowane ɓawo cike yake da ƴan ramuka kamar rariya. Daga nan duk amfaninta ya fito. Tana shan ruwa fiye da nauyinta. Tana barin ruwa ya wuce ta riƙe datti. Ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauƙi. Ba ta kuma sauya ɗanɗano ko ƙamshin abin da aka tace da ita. Waɗannan halaye suna jikinta tun ran da Allah ya halicce ta, amma kowannensu sai da ya jira mutumin da zai gane shi.

Rijiyar mai amalanke

Kafin a san asalinta mutane sun ɗan taɓa amfani da ita. Turawa sun daɗe suna goge tagulla da azurfa da wani gari da suke kira tripoli, sunan birnin Tarabulus. A arewacin Turai kuma, a shekarun yunwa, talakawa sun riƙa gauraya ta da garin burodi suna kiranta garin dutse. Tana cika ciki, ba ta gina jiki. Mu da kakanninmu suka ba mu labarin tonon gidan tururuwa a shekarun fari, mun san irin halin da ke kai mutum ga haka.

Tarihin cinikinta ya soma wajen 1836 a arewacin Jamus, a yankin Luneburg, wata ƙasa mai rairayi da ba ta da albarkar noma sosai. Wani manomi mai dakon kaya da amalanke, Peter Kasten, yana gina rijiya sai ya ci karo da wata farar ƙasa. Mutanen wurin suka ɗauka irin dutsen nan ne da ake zubawa a gona don gyaran ƙasa. Da bai yi wannan aiki ba, sai aka bar shi. Jamusawa na kiran wannan ƙasa kizelgur.

A daidai waɗannan shekaru akwai wani masani a Berlin, Christian Ehrenberg, wanda ya ba da rayuwarsa ga kallon ƙananan abubuwa da mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Shi ne ya nuna wa duniya cewa irin wannan ƙasa tarin ɓawon halittu ce. Ku riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi a kan ƙurar Sahara.

Duk da haka sai a 1863 aka buɗe ramin haƙa na sosai a wani wuri da ake kira Neuohe. Kusan shekara 30 ke nan tsakanin ganin ƙasar da soma cin moriyarta. Ƙasar tana nan, an san sunanta, an san asalinta, mai saye ne babu.

Nakiyar Nobel

Mai sayen ya fito ta inda ba a zata ba. A 1847 wani masani ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa wani ruwa mai kama da mai da ake kira nitrogiliserin. Ƙarfin fashewarsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, amma ba shi da amana: girgiza kaɗan ko zafi na iya tayar da shi. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Alfred Nobel, ya dage sai ya mai da shi abin sayarwa ga masu fasa duwatsu. A watan Satumba na 1864 ma'aikatarsu da ke Stockholm ta tashi, mutum biyar suka mutu, har da ƙanensa Emil. Ya koma Jamus ya gina wata a Krummel, bakin kogin Elbe kusa da Hamburg. Ita ma ta yi bindiga a 1866.

A wannan shekarar ce Nobel ya gane cewa idan aka bar kizelgur ta shanye ruwan nan, kashi uku na nitrogiliserin da kashi ɗaya na ƙasa, ana samun wani abu kamar ƙulli da za a iya mulmulawa, a naɗe a takarda, a ɗora a keken doki a yi tafiya da shi lafiya. A 1867 ya yi masa rajista da sunan dinamit, nakiyar da muka sani. Ramukan Luneburg kuwa ba su da nisa da ma'aikatarsa.

Zamanin shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa ne da fasa duwatsu. Da dinamit aka huda ramin Gotthard a ƙarƙashin tsaunukan Suwizalan, mai tsawon kilomita 15, aikin da aka soma a 1872 aka buɗe a 1882. Ma'aikatun nakiya suka bazu a ƙasashe, farar ƙasar Jamus ta bi su a buhuna. Har zuwa yaƙin duniya na farko, kusan duk diyatomit ɗin da ke yawo a kasuwar duniya daga wannan yanki take fitowa.

A nan akwai abin lura guda biyu. Dukiyar da aka tara a wannan harka, wadda har yau ake raba kyautar Nobel daga cikinta tun 1901, ba a bakin rami aka tara ta ba. Sunan Nobel kowane ɗan lise ya san shi, sunan masu shebur ɗin Neuohe kuwa ya tafi da su. Na biyu, Nobel da kansa ne ya soma rage wa ƙasar kasuwa. Ita ba ta fashewa, wato rubu'in kowace sandar nakiya kaya ne kawai da ba ya aiki. A 1875 ya fito da wata nakiya mai kama da danƙo, wadda ta fi ƙarfi kuma ba ta bukatar kizelgur. Da a ce amfaninta ke nan guda ɗaya, da labarin ya ƙare a nan.

Kwalara a Hamburg

Amfani na biyu ya zo ta hanyar annoba. A watan Agusta na 1892 kwalara ta ɓarke a Hamburg. Birnin yana jan ruwan sha daga kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Mutum wajen 17,000 suka kamu, wajen 8,600 suka mutu cikin ƴan makonni. Garin Altona da ke manne da Hamburg, titi kawai ya raba su a wasu unguwanni, yana tace ruwansa da rairayi, kuma cutar ba ta yi masa irin wannan ɓarna ba. Wannan bambanci ya gamsar da mutane da yawa cewa maganar Robert Koch gaskiya ce: ƙwayar cuta ce ke bin ruwa.

Dab da wannan lokaci wani injiniya a garin Celle, Wilhelm Berkefeld, ya riga ya gano cewa idan aka gasa kizelgur aka yi wata ƴar sanda mai rami a tsakiya, ruwa na ratsa ta ya bar ƙwayoyin cuta a baya. An gwada sandunansa a annobar Hamburg, suka yi aiki. Matatar nan mai tukunya biyu, ɗaya bisa ɗaya, da dattawanmu suka riƙa gani a gidajen likita, ruwa na ɗiga daga ta sama zuwa ta ƙasa, jikar wannan dabara ce.

Daga ruwan sha sai masana'antu suka ɗauka. Masu yin sukari, masu man girki, masu giya da ruwan inabi, masu haɗa magunguna, duk suna da matsala iri ɗaya: ruwa mai gurɓi da ke toshe ƙyallen tacewa. Sai aka gano a shimfiɗa garin diyatomit a kan ƙyallen, a kuma riƙa barbaɗa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ake tacewa. Dattin na maƙalewa a jikin garin, ruwa na fita garau. A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun yi ƙananan matatu masu aiki da ita don raba ruwan sha da ƙwayar atuni.

Ga ɗan kasuwa, abin daɗin wannan dabara shi ne garin ba ya komawa aiki sau da yawa. Idan ya cika da datti sai a zubar a sa sabo. Ma'aikatar sukari da ta saba da shi, kowane wata sai ta aiko a kawo mata. Har yau tacewa ce babbar kasuwar diyatomit.

Yadda kasuwa ta ƙaura Amurka

A gaɓar tekun Kaliforniya akwai wani gari da ake kira Lompoc. Tuddan da ke bayansa farar ƙasa ce da tsohuwar teku ta bari, mai kaurin ɗaruruwan mita, kuma a fili take, ba sai an nutsa cikin rami ba. An soma haƙa ta tun shekarun 1890. Yaƙin duniya na farko ya yanke Jamus daga masu sayenta, suka juya wani wajen, da yawansu ba su dawo ba.

Yawan ƙasar kaɗai bai isa ya ba Lompoc sarauta ba. Abin da ya ba ta shi ne tanderu da ɗakin gwaji. Ɗanyar diyatomit tana fitowa jiƙe, wani lokaci rabin nauyinta ruwa ne. Sai a busar da ita, a niƙa a hankali don kada ɓawon ya farfashe, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Idan aka zuba mata ɗan sinadarin soda, dangin kanwarmu, kafin gashin, ƙwayoyin na mannewa da juna, garin ya ƙara fari, ruwa ya riƙa ratsa shi da sauri. Daga nan a sheƙe shi da iska a raba shi aji-aji: wannan na sukari, wannan na mai, wannan na fenti, wannan na magani. Mai ma'aikata a wata nahiya yana yin odar lamba kaza, ya kuma tabbata buhun bana daidai yake da na bara. Wannan tabbaci shi yake biya.

Kamfanin da ke sayar da ita da sunan Celite ya koma hannun Johns-Manville a 1928. Bayan sauye-sauyen hannu, a 2005 ya shiga ƙarƙashin Imerys, kamfanin Faransa. A Jamus kuwa ramuka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya tsaya a 1994. Kayan da aka ɗauko daga Amurka aka ƙetaro teku da su sun fi na gida araha.

Yau duniya na haƙa sama da tan miliyan 2 a shekara. Amurka ce kan gaba da wajen tan dubu 800, daga jihohin Kaliforniya, Nebada, Oregon da Washington. Bayanta akwai Denmak, Sin, Turkiyya da wasu. A shekarun nan wajen kashi ɗaya cikin goma kawai na abin da Amurka ke haƙa ke fita waje, kuma mafi yawansa gasasshe ne mai daraja. Alƙaluman hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna dalili. Tan ɗaya na wadda ake zubawa a siminti bai wuce wajen dala 10 ba, kamar jika shida ke nan na kuɗin sefa. Tan ɗaya na wadda aka tsabtace don kayan kwalliya ko ɗakin gwaji yana wuce dala 1,000. Ƙasa iri ɗaya, kuɗi ninki ɗari. Kaya mai cika wuri irin wannan, idan mai arha ne, kuɗin mota kaɗai ya cinye shi kafin ya ga teku.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a rasit. Gashin nan na mai da wani kaso na silikar ya koma irin wadda ke yi wa huhu illa. Tun 1932 likitoci a Kaliforniya suka wallafa rahoto kan ciwon huhu tsakanin ma'aikatan diyatomit. An daɗe ana fama kafin a tilasta rage ƙura da sa abin rufe hanci. Duk uban da ɗansa ke aikin niƙan dutse a wurin haƙar zinariya ya kamata ya san wannan tarihi, don silika ɗaya ce.

Waɗanda suka shiga kasuwar daga baya

Ƙasar Ayislan, tsibirin nan mai sanyi a arewacin tekun Atlantika, misali ce mai koyarwa. Tana da diyatomit a ƙasan tafkin Myvatn, laka ce jiƙe sharkaf. A ko'ina busar da irin wannan laka zai ci kuɗin makamashi mai yawa. Su kuwa suna da tururi mai zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa kusa da tafkin. Gwamnatinsu ta haɗa hannu da Johns-Manville, wanda ke da masu saye a hannu, aka buɗe ma'aikata a 1967. Ana zuƙo lakar da bututu, a busar da tururi, a gasa, a kai tashar jiragen ruwa ta Husavik da ke kusa, a tura Turai. An yi shekaru ana gardama kan illar aikin ga agwagi da kifin tafkin. A 2004 aka rufe ma'aikatar, lakar kuwa tana nan.

A Afirka ma an taɓa. Zamanin mulkin mallakar Faransa an riƙa haƙa ta kusa da garin Sig a yankin Oran na Aljeriya ana kaiwa Turai, teku na kusa. A Kenya akwai ramin Kariandusi kusa da Gilgil, gefen hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Mombasa, wurin da Louis Leakey ya tono gatura na dutse na mutanen farko a 1928. Duk inda ka duba a wannan tarihi za ka iske abu uku tare: ƙasa mai tsabta, hanyar sarrafa ta da arha, da hanya gajera zuwa ga mai saye. Inda ɗaya ya ɓace, ramin ya mutu.

Tafkin da ya koma hazo

Yanzu mu dawo gida. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, tafkin Cadi ba ɗan abin da muke gani yau a bayan Gigimi ba ne. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, fiye da rubu'in ƙasar Nijar. Inda yau babu komai sai rairayin Tenere, akwai tafkuna da kifi da kada da dorina. A Gobero masana sun tono maƙabartar mutanen da suka zauna bakin irin wannan ruwa suna kamun kifi. Diyatom sun rayu a waɗannan tafkuna, sun mutu, sun bar ɓawonsu. Masu binciken ƙasa sun rubuta labarin farar shimfiɗar da suka bari a Bilma, Fashi da Agadem. A makwabciyarmu Najeriya akwai ta a Bularafa, cikin jihar Yobe.

Mafi girmanta tana arewacin Cadi, a kwarin Bodele, wuri mafi zurfi na tsohon tafkin. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa kan wannan farar ƙasa marar nauyi. Wajen kwana 100 a shekara ƙura na tashi a wurin, kuma masana na ɗaukarsa wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Hazon da ke rufe Damagaram, Maraɗi da Kano a watannin sanyi, ya hana jirgi sauka, ya fasa mana leɓe, kaso mai yawa nasa daga wannan yanki yake.

Ba a kanmu yake tsayawa ba. A watan Janairu na 1832 Charles Darwin yana cikin jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kap Ber, sai ya ga wata ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin. Daga baya ya aika wa Ehrenberg ƙulli biyar na irin wannan ƙura, tasa da wadda wasu matafiya suka tara. Ehrenberg ya sa ta a madubinsa ya ƙirga halittu iri 67, kusan dukkansu ba na teku ba ne. Ɓawon halittun tafki a tsakiyar ruwan gishiri. A 2015 masu binciken hukumar NASA, da taimakon tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da wajen tan 22,000 na fosfor, sinadarin da ke cikin takin zamani. Masana na ta muhawara kan ko nawa ne rabon Bodele a cikin abin da ke isa can. Ko yaya ta kaya, abin da iska ke ɗauka daga wannan kwari a shekara ya ninka duk abin da kamfanonin duniya ke haƙa, babu kwastan, babu rasit.

Abin da za mu gaya wa yara

Na san wani zai ce, to me muke jira, a je Bilma da manyan motoci. Tarihin da muka bi shi ne amsarsa. Daga Bilma zuwa Agadas wajen kilomita 600 ne na Tenere, daga Bilma zuwa tashar Kwatano sama da kilomita 2,000. Ɗanyar ƙasa ta jika shida ba ta wannan tafiya. Wanda ya gaya wa yaro cewa muna kwance a kan dukiya, ya tsaya nan, rabin magana ya faɗa masa, kuma rabin da ke sa mutum ya girma da ƙorafi kawai.

Sauran rabin shi ne tambayoyin da Berkefeld da mutanen Lompoc suka yi. Nawa ne kaurin shimfiɗar? Rairayi da gishiri nawa ke ciki? Wane irin ɓawo ne, kuma me ya fi dacewa da shi? Wa ke bukatarta kusa da mu? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi jan hankalina, don akwai amfani guda da ba ya bukatar teku ko tanderu. Ɗanyen garin diyatomit yana kashe ƙwarin hatsi: yana shanye maiƙon da ke jikin ƙwaro, ƙwaron ya bushe ya mutu, ba tare da guba ba. Gwaje-gwajen da aka yi da manoma a Zimbabuwe da Tanzaniya sun nuna giram ɗaya ko biyu a kowane kilo na iya kare masara, dawa da wake watanni da dama, kuma dabarar ta fi ci a busasshiyar ƙasa. Iyayenmu mata da ke gauraya wake da toka ko rairayi kafin su rufe tulu sun riga sun san hanyar. Sai dai a kiyaye: gasasshen garin da ake sayarwa don tacewa ba na rumbu ba ne, kuma kowane iri ne a rufe hanci.

Waɗannan tambayoyi aikin awo ne da gwaji, kuma muna da inda ake koyon su: makarantar EMIG da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, jami'ar André Salifou a Damagaram. Amma ɗalibin da zai kai can da son duba ƙasa, a aji na firamare da tsakar gida ake shuka masa wannan so. Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Kazar Luneburg ta yi kusan shekara 30 a kan nata damin, har sai da aka samu masu madubi da masu gwaji.

Ga abin da nake roƙon abokan aikina. Idan hunturu ya shigo, a wanke faranti a ajiye bisa rufin aji kwana biyu ko uku. A tattara ƙurar da ta sauka. Idan kwalejinku ko lise na kusa yana da mikroskop, ko da guda ɗaya ne da ke kulle a kabad ɗin darakta, a fito da shi, a ɗiga ruwa a kan ƴar ƙurar a sa yara su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Idan an dace za su ga ɓaraguzan ɓawo masu ƴan ramuka a jere. A gaya musu daga tafkin da ya fito, a nuna musu Bodele a taswira, a ba su labarin mai amalanken da ya gina rijiya da mutumin da ya mai da ƙasarsa nakiya. Sannan a rubuta farashin nan biyu a allo, dala 10 da dala 1,000, a tambaye su me aka yi wa ƙasar tsakanin na farko da na biyu. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da wannan tambaya gida, a ba shi lokaci a saurare shi.